Ramukan Asabar a Bayan Doro

Sau biyu tsawa ta faɗo mini a filin nan ban mutu ba. Ta farko ta kashe dokin da nake riƙe da linzaminsa, ta bar ni tsaye da ƙonannen takalmi. Ta biyu ta ɗauke mini jin kunnen hagu, wanda dama ba ni da aikin da nake yi da shi sai sauraron faɗan matata Eulogia, Allah ya jiƙanta. Ambaliyar da ta share rabin garin Puerto Cangrejal a kan rufin rumfar kayan aiki ta same ni, na yi kwana biyu a can ina gaigayar ɗanyen dankali. Duk wanda ya san bakin tekun nan ya san Evaristo Barragán, ya kuma san ba a taɓa yin mai kula da filin golf kamata ba, daga nan har Buenos Aires. Ban zauna a aji ko na wuni ɗaya ba. Amma ku cire mini takalmi, ku ɗaure mini ido, ku ajiye ni a kan kowane dandali cikin goma sha takwas ɗin kulob ɗinmu, wato shimfiɗar ciyawar da ramin ƙwallo ke ciki, tafin ƙafata zai gaya muku inda ƙwallo za ta gangara.

Abin da ya kusa kayar da ni kuwa, wani rami ne da bai fi bakin kofi ba, kuma da hannuna na yanka shi.

Dandali na goma sha huɗu shi ake kira Mai Doro. Ina ɗan shekara sha bakwai muka gina shi, ni da wani ɗan Sikotland mai suna Macrae, wanda ya zo aikin layin dogo ya ƙi komawa gida. Mu Don Alejandro muke ce masa, Don ɗin nan na girmamawa ne kamar a ce Malam. Shi ba ya zane a takarda. Sai ya tsaya ya dubi yadda iska ta tara yashi, ya ce, "Evaristo, nan kar ka taɓa, an riga an yi mana aikin." Inda ya ce a taɓa kuwa, ni ne da doki da wani ƙaton shebur da dokin ke ja. Wata uku na yi ina juya yashi a wurin har ya fito yadda yake so: tudu kamar doron tsoho a gaban dandalin ta hagu, ta dama kuma wani ɗan kwari mai santsi da ke shiga har tsakiya kamar zaure.

Dabarar wurin tun daga bugun farko take. In ka tsaya a mafari, hagu fili ne shimfiɗe, ko makaho ba zai ɓata ba. Dama kuwa akwai kwarin yashi mai zurfin tsayin mutum, da ƙaya a bayansa. Wanda ya tsorata ya bi hagu, dole bugunsa na biyu ya tsallake doron, ƙasata kuwa ba ta karɓar ƙwallon da ta faɗo daga sama. Tauri gare ta kamar daɓe, ƙwallon sai ta yi tsalle ta wuce abinta. Wanda ya yi ƙarfin hali ya raɓi yashin, shi zai tarar da ƙofa a buɗe, ya turo ƙwallonsa ƙasa-ƙasa, ta bi kwarin nan mai santsi ta shigo da ƙafarta. Don Alejandro ya ce mini tsoron ɗaya ne, kowa ya zaɓa ko a bugun farko zai haɗiye shi ko a na biyu. Ya hana ni ba wa dandalin ruwa sai in ciyawar ta fara komawa ruwan toka, har in na taka ta ƙi miƙewa.

Ranar da ya ajiye aiki ya miƙo mini ƙarfen yanka rami. Ya ce, "Ni na gama gini. Daga yau kai ke yin tambaya. Duk inda ka yanka rami ka kafa tuta, tambayar ranar ke nan." Ƙarfen kamar gwangwani yake mai kaifin baki, da mariƙi biyu. Laraba da Asabar da sassafe nake zagayawa da shi, in murɗa, in ciro curin ƙasa da ciyawarsa, in kai in toshe tsohon ramin da shi. Wurin da aka toshe yakan bar zobe a ciyawa, in lokacin rani ne ya yi watanni bai ɓace ba. Shekara arba'in da 'yan kai babu hannun da ya taɓa ƙarfen nan sai nawa.

Litinin kuma ranarmu ce. Tun zamanin Don Alejandro ake rufe kulob ga masu hannu da shuni, a bar filin ga waɗanda ke yi masa aiki: masu yankan ciyawa, masu ɗaukar wa 'yan wasa jaka, har mai dafa abinci. Da tsofaffin sanduna muke bugawa, wata an ɗaure ta da waya, in mun gama mu gasa haƙarƙarin sa a gindin itatuwan bakin rumfa. Ni ban taɓa buga Mai Doro a ranar Litinin na wuce bugu huɗu ba. Chicho Pereyra, shugaban masu ɗaukar jaka, zai ce muku na taɓa yin bakwai. Ƙarya yake yi, shi ya tari daidai lokacin da na ɗaga sanda.

Sai aka zaɓi Likita Salaberri shugaban kulob. Likitan ƙashi ne daga babban birni, ya je Amurka ya ga dandali kore shar kamar darduma, wanda ƙwallo ke faɗowa ta lafe a inda ta sauka. Bai yi sati biyu a kujera ba muka tarar da takarda a ƙofar rumfa. Chicho ya karanta mini: wai fili yana bukatar hutu, don haka an soke wasan Litinin.

"Hutu?" na ce. "Ni da na san lokacin da kowace ciyawa ke barci ba a tambaye ni ba?"

"An tambaye ka ta kunnen hagu," in ji Chicho.

Asabar ta zagayo, ranar da Likita da 'yan kwamitinsa ke wasa, na ɗauki ƙarfena. A bayan doron akwai wani wuri da bai fi tafin hannu biyu ba, ido na ganinsa a daidaice, amma ƙafa ta san ba haka yake ba. Ƙwallon da ta kuskure rami da faɗin yatsa a wurin, sai ta yi kamar za ta tsaya, ta yi tunani, sannan ta kama gangara taku goma. Nan na yanka ramin. Na koma bayan itatuwa da ƙoƙon mate ɗina, shayin ganyen nan na ƙasarmu, na zauna.

Bugu biyar Likita ya yi a kan dandalin kawai. A na huɗu ƙwallon ta zagaye bakin ramin ta dawo ta tsaya tsakanin ƙafafunsa. Wallahi ban taɓa shan mate mai daɗin na ranar ba.

Niyyata sau ɗaya. Amma Asabar ta sake zagayowa, Litinin ɗin da ke gabanta kuma na wuni ina kallon fili babu kowa, sai tsuntsaye. Na matsa da ramin taƙi ɗaya. Haka aka yi ta tafiya har tsakiyar Janairu, lokacin zafi a ƙasarmu. Laraba, ranar wasan mata, ina kafa tuta inda ya kamata. Asabar in koma bayan doro.

Ni a zatona haushi kawai za su ji. Ban zaci za su ɗora wa ƙasar laifi ba. Sai magana ta cika mashaya cewa Mai Doro ba shi da adalci, mutum ya yi bugu mai kyau a sāka masa da wulaƙanci. Kwamiti ya zauna ya yanke a baje doron, a cike kwarin, a binne bututun ruwa. Wata Talata na fito na tarar da katafila a bakin ƙofa, ruwan ɗorawa, da shebur ɗinta a ɗage kamar tana hamma. Abin da ya tsayar da ita kawai, wani tsohon mamba ne da ya dage sai masani ya duba tukuna. Aka ce masanin zai yi kwana uku, ya faɗi ra'ayinsa ranar Asabar, Litinin katafila ta shiga.

Masanin da ya sauko daga motar haya mace ce, siririya, da hular ciyawa da jaka a kafaɗa.

"Nélida Arrieta," ta ce, ta miƙo hannu. "Kai ne Don Evaristo? An ce mini in ban gaishe ka ba ciyawar ba za ta yi mini magana ba."

"Wanda ya faɗa miki ya yi gaskiya, Injiniya. Makaranta nawa kika yi kafin a ba ki izinin rushe aikin mutane?"

"Uku. Amma ba a koya mana rushewa sai a ta huɗu."

Chicho ya fashe da dariya ya ce, "Tsoho, yau ka haɗu da daidai kai."

Na yi zaton za ta nufi Mai Doro kai tsaye da ma'auninta. Sai ta ce in kai ta mafari. Ta tsaya can ta daɗe tana kallo, hannu a kan hula saboda iskar teku. Ta gangara hagu ta duba, ta koma dama har bakin yashi ta tsuguna. Da ta hango kwarin nan a buɗe sai na ji ta yi 'yar dariya ita kaɗai.

"Wa ya gina wannan?"

"Ni."

"Kai kaɗai?"

"Da doki. Akwai kuma wani ɗan Sikotland da ke tsayawa a gefe yana nuni da lofe."

"To, mai lofen nan ya san abin da yake yi."

Ta ari sanda a wurin Chicho, ta zube ƙwallo shida a hagu, shida a dama. Ba wata gwana ba ce, ƙugunta ba ya juyawa yadda ya kamata, na kuma faɗa mata. Amma na hagu biyu kawai suka tsaya a kan dandali, na dama biyar. Ta ce, "Ka gani, wannan shi nake nema. Ni ban ce kowane bugu sai ya sami sakamako iri ɗaya ba. Ina so dai wanda ya yi tunani ya ga amfanin tunaninsa, wanda bai yi ba kuma ya gane inda ya kuskure." Na ce mata abin da nake faɗa ke nan tun kafin a haifi ubanta.

Washegari Laraba. Ta zauna a gefen dandalin tun safe tana kallon mata suna wucewa huɗu-huɗu. Babu wadda ta yi gunaguni. Wata tsohuwa mai shekara saba'in ta turo ƙwallonta ta kwarin, ta jefa a bugu biyu, ta ɗaga wa Injiniya hannu. Da yamma na ji Injiniya tana tambayar Likita a barandar kulob me ya sa matan ba sa ƙorafi. Ya ce ai mata ba sa iya ɗaga ƙwallo sama, birgima kawai suke sa ta. Ta ce, "Haka ne," ta rubuta wani abu a littafinta.

Ranar Alhamis na same ta a kan Mai Doro ta cire takalmi. Na san abin da ƙafa ke ji. Tana da bokitin ƙwallaye, tana mirgina su da hannu ɗaya bayan ɗaya daga kowane ɓangare. Da ta zo bayan doron sai ta rarrafa. Ta daɗe tana shafa ciyawa da yatsa. Sannan ta zauna a ƙasa ta ce, "Don Evaristo, akwai sauran ruwan zafi?"

Na zuba mate na miƙa mata. Ta shanye, ta miƙo mini ƙoƙon, ta ce, "Goma sha ɗaya na ƙirga."

"Me?"

"Zobba. Duk a kan gangaren nan, kusa da juna kamar sawun akuya. Sauran zobban da ke warwatse a dandalin, kowanne a wurin da ni ma zan sa. Waɗancan na Laraba ne, ko?"

Na ce iska takan sauya, mai yanka rami yana bin iska.

"Iskar Asabar kawai?"

Na sake cika ƙoƙon da ruwan zafi.

Ta ce, "Chicho ya ba ni labarin Litinin. Bai ce komai a kan ramuka ba, kar ka je ka shaƙe shi. Ina jin ya sani tun tuni."

"To sai ki faɗa musu, Injiniya. Ki ce tsohon ya tsufa."

"Ai bai tsufa ba. Wanda ya gano wurin nan idonsa da ƙafarsa lafiya lau suke." Ta ɗauki ƙwallo ta ajiye a kan ɗaya daga cikin zobban, ta ɗauke hannu. Ƙwallon ta tsaya, ta yi rawa, ta kama hanya har gefen dandali. Muka bi ta da kallo. Ta ce, "Ƙasa aka kira ni in duba, ba mutane ba. Zan ce musu ƙasar lafiyarta ƙalau, kar a taɓa ta. Zan ce akwai wuraren da bai kamata a kafa tuta ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Amma ka san su fiye da ni. Mutum bakwai da suka sha wuya wata uku, ga katafila an riga an kawo, ga wata mata daga birni tana ce musu ba su iya karanta fili ba. Kana ganin za su yarda?"

Na san ba za su yarda ba. Za su gode mata, su kai ta tashar mota, Litinin su baje.

"In kuma suka san dalili," ta ce, "ƙarfen nan ba zai sake kwana a hannunka ba. Wataƙila ma aikin."

Ta sa takalminta ta tafi, ta bar ni da bokitin.

Juma'a na wuni ina daɓe dandali na uku wanda ba ya bukatar daɓe. Tunani nake yi. Ni a raina Likita nake hukuntawa. Amma ranar Asabar ba shi kaɗai ke wasa ba. Akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, mutum mai kirki, kullum ta dama yake bi, yana raɓar yashi yadda Don Alejandro ya so, ya shigo da ƙwallonsa tsaf, sannan ramina ya mayar da shi abin dariya tare da sauran. Ya amsa tambayar daidai, na ce masa bai ci ba. Na tuna ya daina bin dama tun watan Disamba. Me zai sa ya raɓi yashi tunda duk ɗaya ne? Wannan shi ya fi damuna. Ba katafila ce ta fara rushe Mai Doro ba, ni na riga ta da wata uku.

Chicho ya zo ya tsaya a inuwa yana kallona. Ya ce, "In ka ƙara daɓe wurin nan, kwanon gasa nama zai koma."

"Kai, ka sani?"

"Ni da nake bin su da jaka kowace Asabar? Tun ta biyu. Na ji daɗin ta farko, ban ɓoye maka ba. Daga nan kuma yarana ne ke shan zagi, wai ba su iya nuna layi ba."

"Me ya hana ka magana?"

"Na yi. Ta kunnenka na hagu na tsaya."

Asabar da safe na yanka ramuka goma sha bakwai. Na bar Mai Doro da ramin Laraba. Ƙarfe goma kwamiti ya taru a kan dandalin, su bakwai, da fararen takalma. Injiniya ta yi bayaninta a tsanake: mafari, yashi, kwari, taurin ƙasa. Ta ce in aka baje doron aka jiƙa ƙasar, kowa zai riƙa harbo ƙwallo ga tuta daga ko'ina, ramin ya zama babu abin tunani a cikinsa. Suna ta gyaɗa kai irin na mutanen da suka riga suka gama shawara.

Likita ya ce, "Mun gode, Injiniya, bayani ya yi kyau. Sai dai mu muke wasa a nan. Ni na buga ƙwallo daga taku ɗaya ta dawo mini taku goma. Ba a takarda na karanta ba."

"Gaskiya ne, Likita," na ce. "Ina bayan itacen can ina kallo."

Duk suka juyo. Ban saba magana a taronsu ba.

"Barragán, ba yanzu ba."

"Yanzu ne, Likita, don Litinin ba na nan balle in yi magana, an ce fili na hutu. Ku zo ku ga wani abu."

Na wuce bayan doron da ƙarfena a hannu, na durƙusa duk da gwiwata mai ciwo, na nuna musu zobban ɗaya bayan ɗaya. Na ce wannan na ranar da ka yi biyar ne. Wannan na ranar da ka jefa sanda cikin ƙaya. Wannan na ranar da baƙinka daga Rosario suka zo. Na ajiye ƙwallo a kan kowanne, suka ga tana tafiya ba wanda ya taɓa ta. Na ce, "A duk faɗin dandalin nan, nan ne kaɗai wurin da ƙwallo ba ta tsayawa. Babu mai iya gano shi a ƙasar nan sai ni, kuma ni na gano shi. Ƙasar ba ta cuce ku ba. Ni ne."

Wani lauya a cikinsu ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya mayar da ita tari. Fuskar Likita ta yi ja har wuya.

"Saboda me?"

"Saboda Litinin."

"Litinin? A kan wannan? Me ya sa ba ka zo ka same ni ba?"

"Kai ma takarda ka aiko, Likita. Ni kuwa ba na karatu. Da abin da na iya na ba ka amsa."

Na miƙe, na taka zuwa tsakiyar dandalin ta bakin kwarin, na ce kafin su yanke hukunci su bar ni in yanka guda ɗaya. Ba wanda ya hana. Na murɗa ƙarfen, na ciro curin, na kai na toshe ramin Laraba, na danna da diddige har sai da ya saje. Na kafa tuta. Ban taɓa yanka rami mai tsabtar baki kamar wannan ba, kuma na yanka sun fi dubu saba'in. Sannan na goge ƙarfen da rigata na ajiye a gaban takalmin Likita.

Injiniya ta ce, "Likita, ga jakarka can Chicho ya kawo. Ka gwada daga bakin yashi, sau ɗaya kawai."

Ina jin don kar a ce ya ji tsoro ne ya tafi. Muka tsaya muna hangensa can nesa, Chicho yana zaro masa sanda, shi yana ƙi, Chicho yana dagewa. Daga baya na ji wai cewa ya yi, "Likita, yau dai ka yi bugun mata." Ƙwallon ta taso ƙasa-ƙasa, ta dira taku ashirin kafin dandali, ta yi tsalle biyu, ta shiga kwarin, ta karkata kamar an kira sunanta, ta zo ta tsaya taku biyu daga tuta. Ya iso yana haki, bai kalli kowa ba. Ya tsaya, ya auna, ya buga. Ta kuskure da faɗin yatsa, ta tsaya nan bakin ramin.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Wannan ni na ɓata."

Litinin da safe aka ɗora katafilar a kan babbar mota aka mayar da ita inda ta fito. Ni ba a kore ni ba, don wa za su samo? Amma ƙarfen ya koma ofis. Injiniya ta zana musu dandalin a takarda, ta shafa jan alli a bayan doron, ta ce nan ba a kafa tuta. Tun daga ranar wani ma'aikaci ke yanka ramukan da takardar a aljihu, mamban kwamiti na biye da shi. Ramukansa ba su da laifi. Ba su da gishiri dai, tambaya ɗaya yake maimaitawa kamar limamin coci da ya gaji.

Wasan Litinin bai dawo ba sai bayan shekara shida, lokacin da wani shugaban ya zo, kuma ba don ni ba. Lokacin kafaɗata ta riga ta ƙi juyawa. Likita bai sake kirana Barragán ba, bai kuma kira ni Don Evaristo ba, gyaɗa kai kawai yake yi in mun haɗu. Amma har ya bar wasa ta dama yake bi a na goma sha huɗu, sau da yawa ma cikin yashin yake faɗawa, in jiyo shi yana zagi daga ƙasa. Malamin makarantar nan kuwa na same shi na ba shi haƙuri. Ya ce bai gane me nake nufi ba, shi ya ɗauka hannunsa ne ya fara rawa.

Har yau nakan taka zuwa can da sandata in rana ta yi sanyi. Doron na nan yadda na bar shi da doki, ƙasar da taurinta. Nakan cire takalmi in zagaya bayansa. Zobban sun ɓace tuntuni, ciyawa ta rufe. Ƙafata dai ta san wurin, takan tsaya a kai ko ban sa ta ba.